Allurar Tsafe

Masu karatu, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Ban manta da ku ba, hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Ko yanzu da nake wannan rubutun a kan bencin barandar asibiti nake, hijabina sai warin magani yake, kuma duk ƙofar da aka buɗe sai gabana ya faɗi.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Balkisu, 'yar Alhaji Tambaya mai hatsi, a Tudun Wada cikin Gusau. Bashir shi ne wanda zan aura. Ɗan Rawayya ne, tela, irin telan da in ya yi wa babbar riga aiki sai ka tsaya kana kallon mai rigar har ya ɓace. An riga an kawo kayan na-gani-ina-so, ana maganar sa rana, sai gab da azumi wata motar waken suya ta kaɗe babur ɗinsa a hanyar Bungudu. Kafaɗarsa ta dama ta bugi bakin kwalbati. Ƙashi bai karye ba, jini ma bai zuba sosai ba, har muna ta cewa abin ya zo da sauƙi. Ashe jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu ne suka tsinke ta ciki. Tun ranar hannun yake reto a gefensa, ba ya ɗaguwa, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi.

Wadda ke yi masa gashi a asibiti maƙwabciyarmu ce, Anti Maryamu, 'yar Zuru, matar Oga Luka. Katanga ce kawai ta raba mu. In Kirsimeti ta zo su aiko mana da cincin, in Sallah ta zo Inna ta aika musu da nama. Ita ta zaunar da ni ta yi min bayani ba ɓoye-ɓoye.

"Jijiya tana tsiro, Balki, amma tsiron ganin dama. A wata guda da ƙyar take ƙara tsawon gaɓar yatsa. Wadda ta tsinke gaba ɗaya kuwa sai an yi aiki, a aro wata mai rai a jona. An tura sunansa Sakkwato, yana kan layi. Ko an yi aikin ma ba zan ce miki hannun zai koma kamar da ba. Ku dai yi haƙuri, kada ya fasa zuwa gashi."

Haƙurin nan kuwa shi ne ya yi ƙaranci a gidanmu.

Wata Asabar da la'asar Bashir ya zo zance. Na sa atamfata mai ruwan goro, wadda shi ya ɗinka min kafin haɗarin, na yafa gyale ruwan madara, na shafa humra kaɗan, na kai masa kunun aya mai sanyi zaure. Yana zaune a kan darduma cikin shadda ruwan toka, hannun a rataye a wuyansa cikin baƙin maratayi. Ya ɗauki kofi da hagu yana dariya, wai har yau kunya yake ji in zai ci abu da hagu a gaban mutane. Muna cikin haka sai muryar Gwaggo Saude, yayar Baba, ta taso daga tsakar gida. Gwaggo ba ta iya magana a hankali ba, ko da gaisuwa ce.

"Ni dai na hwaɗi gaskiya, Tambaya. Mi za a yi da mijin da sai an ɗaura mai tazuge? Ɗiya kamar Balkisu a kai ta jinya da sunan aure? Tela babu hannu ai rijiya ce babu guga."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi tari, na ja kujera da ƙarfi, duk don kada ya ji. Sai ga muryar Baba, a natse kamar kullum:

"A bari a ga bayan babbar Sallah. In hannun ya motsa, alhamdu lillahi. In bai motsa ba, sai a zauna a sake shawara."

Bashir ya ajiye kofin a hankali. Bai ko sha rabi ba. Ya dube ni ya yi wani murmushi da na gwammace a ce kuka ya yi.

"Balki, Sallar fa ta matso."

Bayan 'yan kwanaki ina cikin tsintar shinkafa waya ta yi ƙara. Bidiyo Bashir ya turo, a ƙasa ya rubuta, *Kalli wannan ki gani.*

Wani mutum ne cikin farar rigar likita da tabarau, yana riƙe da 'yar kwalba, yana Hausa yana sirka ta da Turanci. Wai abin da ke ciki sunansa sitem sel, uwar ƙwayoyin jiki, daga cibiyar jarirai aka tatso, daga ƙasar waje aka kawo. Wai in an yi allurarsu a gadon baya, da kansu za su bi jiki su nemo jijiyar da ta mutu su sake gina ta. Sai aka nuna wani ya yar da sanda yana tafiya ana kabbara. A ƙarshe aka ce zai sauka Tsafe, kuma ba zai daɗe ba.

*A wane asibiti yake, Yaya Bashir?* na rubuta.

*Gida ya kama. Ya ce likitocin nan hassada suke masa.*

*Ka bari in nuna wa Anti Maryamu.*

*Ita ai gashi ta sani. Balki, so kike in naɗe ƙafa in zauna har su raba mu?*

Ko hannuna ban wanke ba na zura hijabi na shiga gidan Anti. Na same ta tana shanya. Ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe, sai na ga ta nemi turmi ta zauna.

"Ya Ubangiji. Kin san abin da ya sa ƙaryar nan ke shiga kunne? Don akwai gaskiya a gindinta. Ƙwayoyin nan akwai su, a ɓargon ƙashinki ma akwai. A manyan asibitoci ana maganin wasu cututtukan jini da su. Amma na gyaran jijiya har yau bincike ake, gwaji ake, masu binciken da kansu ba su ce sun gama ba. Kuma abu ne mai rai, ba a yawo da shi gari-gari kamar ƙanƙarar zoɓo. Wa ya san abin da ke cikin kwalbar nan? Ruwan da ke cikin gadon baya shi ne ya zagaye ƙwaƙwalwa. In ya huda shi da ƙazanta, sanƙarau ke nan. In kuma abin ya taɓa laka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban so ta ƙarasa ba.

A tsaye a ƙofar gidanta na kira Bashir. Na faɗa masa duk abin da ta ce, na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da darajar mahaifiyarsa, ina kuka. Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan, Balki, daina kuka. Na fasa." Ni kuwa na yarda. Wace ce ba za ta yarda ba, 'yan'uwa?

Ranar Talata da hantsi ina goge kayan Inna sai ga saƙon murya daga Hauwa, ƙanwarsa. Tun kafin ta yi magana na ji shessheƙa.

"Anti Balki, Yaya ya fita tun da sassafe, ya ce wa Innarmu gashi za shi Gusau. Amma ni na ji shi yana waya a bayan ɗaki, ana yi masa kwatance, wai bayan tashar Tsafe, gida mai koren get. Ina ta kiran wayarsa a kashe. Don Allah ki yi wani abu."

Dutsen guga na bari a kan zanin Inna har ya ƙone. Na kira lambarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira Anti Maryamu, ta ce tana tsakiyar aiki, in an same shi a kawo shi kai tsaye, kuma in an riga an yi, a taho da kwalbar. *In an riga an yi.*

Duk ɗan Gusau ya san yadda 'yan bindiga suka addabi hanyar Tsafe a wannan zamanin. Baba da bakinsa ya hana kowa a gidanmu binta, ko biki ne ko rasuwa. Amma na zura dogon hijabina baƙi, na saka silifas wari da wari ban ma lura ba, na nufi ƙofa da niyyar tasha. A ƙofar gida na yi kiciɓis da Baba yana goge gilashin tsohuwar motarsa zai fita kasuwa.

"Ina za ki haka?"

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ɗaga ido na dubi Baba cikin ido ba. Na durƙusa a nan kan ƙasa, na faɗa masa komai, bidiyon, bayanin Anti, saƙon Hauwa. Sannan bakina ya faɗi abin da ban shirya ba.

"Baba, saboda maganar Sallar nan ya tafi. Yana zaure ranar, ya ji ku. In wani abu ya same shi..."

Gwaggo Saude ta leƙo daga zaure. "Ke! Ubanki kike hwaɗa ma haka? Mu munka aike shi?"

Baba ya ɗaga mata hannu. "Yaya, dakata."

Ya daɗe yana dubana. Na sadda kai ina jiran mari, ko a ce in koma ciki. Sai na ji ya jefa tsumman a kan bonet.

"Tashi shiga mota."

Ban taɓa jin tafiya mai tsawo irin wannan ba. Damina ta sauka, ko'ina kore, amma gonaki da yawa a bakin hanya ba a ko share su ba, ciyawa ce ta cinye. Baba bai kunna rediyo ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, leɓɓansa na motsi, idonsa na kan motocin da ke tahowa daga gaba.

"Muddin ana tahowa daga can," ya ce, kamar da kansa yake magana, "hanya lahiya take."

Muna wuce Dutsen Kwatarkwashi kuwa sai motocin suka ɗauke. Ba ko ɗaya. Titi fayau, sai mu kaɗai. Na ji Baba ya rage gudu. Na riƙe bakin kujera ina karanta duk addu'ar da na sani, wasu ma ina haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Sai ga babura sun ɓullo daga wata 'yar hanya cikin daji, goyon biyu-biyu, da wasu dogayen abubuwa a kafaɗa. Wallahi na ga mutuwa da idona. Na runtse ido na ce shi ke nan, ban ceci Bashir ba, na jawo wa Baba.

"Buɗe idonki," in ji Baba. "Manoma ne. Galma ce."

Suka wuce mu suna ɗaga hannu. Can sai ga wata tirela ta taho tana huci. Baba ya sauke wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta daga gare shi ba, ya taka mota.

Gidan bai yi wuyar samu ba. A tsakar gida mutane ne zazzaune a kan tabarmi. Ga dattijo mai shanyewar ɓarin jiki 'ya'yansa sun tallafe shi, ga wata mata rungume da ɗanta da wuyansa bai tsaya ba, ga wani a keken guragu. Kowa ya yi tsit, fuska cike da fata. A ƙofar ɗaki wani ƙato ne ke karɓe wayoyin mutane yana zubawa a kwali, wai ba a ɗaukar hoto. A nan na gane abin da ya kashe wayar Bashir.

"Alhaji, layi ake bi," ya ce yana tare ƙofa.

"Ɗana na ciki," Baba ya ce, ya ture hannunsa ya shige. Na bi bayansa.

Bashir na kwance ta gefe a kan wani dogon tebur da aka shimfiɗa wa leda, an naɗe rigarsa zuwa sama. A ƙasan bayansa na ga filasta da ɗigon jini. A ƙasa kuma ga wata shuɗiyar kula a buɗe, ƙanƙarar ciki ta narke, 'yan kwalabe marasa rubutu suna yawo a ruwa. Ƙudaje na bin auduga a cikin kwano.

An riga an yi.

Mutumin bidiyon na tsaye yana cire safar hannu. A ido bai kai yadda yake a waya ba, kuma wuyan farar rigar ya yi dauɗa.

"Barka, Alhaji, an gama lafiya. Ya ɗan kwanta ya huta. Nan da Sallah da hannunsa zai yanka rago."

"Mi ke cikin kwalbar ga?" Baba ya tambaya.

"Wannan sirrin kamfani ne."

"A ina kay yi karatu?"

"Alhaji, akwai mutane na jira."

Baba ya sunkuya ya ɗauki kwalba ɗaya daga cikin kular ya jefa a aljihu. Mutumin ya yunƙuro, Baba ya dube shi duba ɗaya, ya koma ya tsaya. Sai lokacin Bashir ya juyo ya gan mu. Ya ɗaga hannun hagu ya rufe fuskarsa.

"Balki, me ya kawo ki hanyar nan? Baba, ku gafarce ni."

"Tashi mu tahi," kawai Baba ya ce, ya kama shi da kansa ya ɗaga.

A tsakar gida Baba ya tsaya ya ce wa jama'a su ji tsoron Allah su kwashe marasa lafiyarsu, wannan ba likita ba ne. Wasu suka fara naɗe tabarma, wasu suka kau da kai. Matar nan mai ɗa ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Alhaji, to ina kake so in kai shi? Babu inda ban je ba."

Baba ya kau da kai ya wuce da Bashir mota. Har yau fuskarta na zuwar min. Daga baya mun ji cewa mutumin ya tattara ya gudu tun kafin hukuma ta iso, amma ban san ko ya riga ya taɓa yaron ba.

A dawowa ban ko tuna da tsoron hanya ba. Bashir na kwance a kujerar baya. Da farko yana ta cewa lafiyarsa lau, mu daina damuwa. Kafin mu shigo gari ya fara dafe kai. Anti Maryamu na jiranmu a bakin get ɗin asibiti da keken marasa lafiya, ta karɓi kwalbar, aka ba Bashir gado aka ce za a sa masa ido. Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Ya yi amai, ya ce a rufe taga haske na soka masa ido, wuyansa ya sanƙare ko haɓarsa ba ya iya saukewa. Likita ya ce cuta ta shiga ruwan bayansa. Kwalbar kuma da aka auna, babu wata uwar ƙwayoyin jiki a ciki, sai ƙwayoyin cuta.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan ba ku labarinsu ba. Ruwa ake ɗaura masa ana cirewa, allura kan allura. Yana sambatu, yana cewa a miƙo masa almakashi, mai riga na jira. Ya dube ni ya kira ni da sunan Hauwa. Mahaifiyarsa ta taho daga Rawayya ta zauna a gindin gado ba ci ba sha. Baba ya daina fita kasuwa, kullum yana baranda da carbi, in likita ya fito ya miƙe tsaye kamar ɗan makaranta. Gwaggo Saude ba ta zo ba, amma kullum sai ga fulas ɗin kunu daga gidanta, ba saƙo ba gaisuwa.

Yau da safe zazzaɓin ya sauka. Ya buɗe ido ya gane kowa, ya sha kunu, har ya tsokani Hauwa wai ta rame kamar ita ke jinya. Likita ya ce in sha Allahu an tsallake mafi hatsarin.

Gab da azahar Baba ya yi sallama ya shigo, ya ja kujera ya zauna dab da gadon. Ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban yaro ba.

"Bashir, harshena ne ya kai ka Tsafe. Na janye wancan wa'adi. Da hannu ko babu hannu, na ba ka Balkisu. Ka warke, manyanka su zo a sa rana."

Mahaifiyarsa ta fashe da kuka tana sa wa Baba albarka. Hauwa ta toshe baki da mayafi don kada guɗa ta kuɓuce mata a ɗakin marasa lafiya. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, zuciyata kamar ta fito ta yi rawa. Na saci kallon Bashir. Ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," amma bai yi murmushi ba. Na ɗauka kunya ce.

Aka kira salla, duk suka fita, mahaifiyarsa da Hauwa suka raka Baba. Ni na tsaya tattara kwanuka, ƙofa a buɗe. Ta taga ina jiyo Baba yana waya, yana gaya wa Gwaggo cewa magana ta ƙare, a fara shiri.

"Balki," Bashir ya kira ni ƙasa-ƙasa. "Matso. Kada ki ɗaga murya."

Na matsa. Goshinsa ya jiƙe da gumi, alhali fanka na juyawa.

"Tun da na farka nake son in tambayi wani, na kasa. Ki je ƙarshen gadon. Ki danna min babban yatsan ƙafata, ta saman bargo. Da ƙarfi."

"Yaya Bashir, lafiya?"

"Ke dai je ki."

Na ajiye fulas, na zagaya. Ya mayar da idonsa kan silin, ya ce shi ba zai kalla ba, in na danna zai faɗa min wace ƙafa ce. Na lalubi yatsan dama ta saman bargon, na yi bismilla na danna. Bai ce komai ba. Na koma na hagu na matse shi da dukkan ƙarfina, har farcena ya lanƙwashe.

Yana nan kwance, idonsa a sama, yana jira.

"Ki danna mana, Balki," ya ce.